Ci da Ƙin Ci a Ƙagaggun Labaran Hausa: Tsokaci Daga Wani Zauren Karatu a Nyohini, Tamale

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban adabi sun saba da hanyar nazarin ƙagaggen labari da ake koya musu tun shekarar farko: a fito da jigo, a warware shi, a dubi zubi da tsari, a zo kan salo, a ƙare da taurari. Hanya ce mai amfani. Sai dai takan sa ɗalibi ya riƙa tsallake ƙananan abubuwan da marubuci ya cika shafukansa da su, yana ganin ai ado ne kawai. Abinci na cikin waɗannan abubuwa. Da wuya a karanta babi biyu na littafin Hausa ba a ɗora tukunya ba, ko ba a kawo wa baƙo ruwa da fura ba, amma da wuya a ga ɗalibin da ya tsaya ya tambayi aikin da wannan abinci yake yi a cikin labarin.

Wannan takarda za ta dubi ma'anar ci, musamman ma ƙin ci, a wasu ƙagaggun labarai da aka karanta a wani zauren karatu a unguwar Nyohini ta birnin Tamale, a arewacin Gana. Abin da take son nunawa shi ne, a waɗannan littattafai duk wanda ya janye hannu daga akushi saƙo yake aika wa wani mutum. Mutumin da ya janye hannu don kawai abincin ba ya karɓar sa, wanda kuwa yana nan a kowace unguwa, ba a ba shi gurbi ba. Wannan giɓi yana da tasiri a kan yadda makaranta ke fassara halin mutanen da suke zaune da su.

2.0 Zauren da Masu Karatunsa

Tamale gari ne na Dagombawa, kuma Dagbanci ne harshen gida ga mafi yawan mutanen Nyohini. Hausa harshen zango ce da kasuwa da wa'azi. Ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana take ɗaukar nauyin koyar da su a makarantu, saboda haka mutum zai iya tashi yana jin Hausa sarai amma bai taɓa riƙe littafin Hausar boko ba. Daɗin daɗawa, Hausar wannan yanki ta rage bambancin jinsin namiji da tamata, kuma da yawan masu magana da ita ba sa rarrabe “k” da “ƙ” ko “d” da “ɗ”. Wannan ya sa a zauren ake karatu a bayyane, mutum ɗaya yana karantawa sauran suna saurare, ana tsayawa a kan kalmar da ta shige duhu. Irin wannan karatu na a-hankali shi ya sa aka lura da abin da mai gaggawa zai wuce.

Kada ɗalibi ya ɗauka rubutun Hausa baƙo ne a wannan ƙasa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 kuma ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. A cikin waƙarsa ta Talauci da Wadata, ɗaya daga cikin ma'aunan da ya raba mai shi da marashi da su shi ne abin da kowannensu yake ci. Ke nan tun kafin ƙagaggun labaran boko su kafu, alƙalamin Bahaushe ya riga ya mayar da abinci sikelin auna matsayin mutum.

Littattafan da aka karanta a zauren sun haɗa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukkansu daga zubin farko da ya biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Sai So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid (1980), da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu (1990), da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), da wasu daga littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Tambayar da ta haifar da wannan takarda ta fito ne daga bakin wata malamar makaranta da ke cikin zauren, wadda madara ba ta karɓar ta. Cewa ta yi ita dai a duk littattafan nan ba ta ga mai irin cikinta ba, kuma da a ce ita tauraruwa ce a ɗayansu, da tuni an ce tana zargin uwar mijinta da barbaɗe.

3.0 Mene ne “Bai Karɓe Ni Ba”?

Kafin a shiga littattafan, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko matsala ce ta narkar da abinci. Misalin da ya fi shahara shi ne na madara. A cikinta akwai wani nau'in sukari da ake kira laktos, wanda sai da wani sinadari na ƙaramin hanji mai suna laktes ake iya narkar da shi. Kowane jariri mai lafiya yana da wannan sinadari, amma bayan yaye yakan ragu a jikin kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Idan irin wannan mutum ya sha madara da yawa, sukarin yakan wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin halittar da ke can su ruɓar da shi, sai kumburin ciki da murɗa da iska da zawo su biyo baya. Abin yana da wahala da ban kunya, amma ba ya kisa. Na biyu kuwa, wanda ake kira alaji, tawaye ne na garkuwar jiki a kan wani abu kamar gyaɗa ko ƙwai ko kifi. Alamominsa su ne borin jini da kumburin leɓe da toshewar numfashi, kuma ɗan kaɗan daga abincin yana iya halaka mutum.

Binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka gudanar a Nijeriya, wanda aka buga a 1971, ya nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, alhali mafi yawan Hausawan gari ba sa iyawa, Yarbawa da Ibo kuwa kusan dukkansu. Mai karatu zai ce, to yaya aka yi Bahaushe ya rayu da fura da nono? Amsar tana cikin kalmomin kansu. Bahaushe ya raba madara da nono da kindirmo da tsala. Abin da yake damawa da fura wanda ya kwana ne ya yi tsami, kuma tsamin nan alama ce ta cewa an riga an cinye wani kaso na sukarin kafin ya shiga ciki. Haka abin yake ga burkina da ake sayarwa a titunan Tamale, da wagashi da matan Fulani ke yi, wanda yawancin sukarinsa ke tafiya da ruwan da aka tsiyaye. Al'ada ta warware matsalar tun ba ta san sunanta ba. Madarar gwangwani da ta gari da ake zubawa a shayi da koko su ne suka dawo da ita sabuwa.

Ga ɗalibin harshe, abin sha'awa shi ne yadda Hausa ta tanadi jimloli daban-daban na janye hannu, kowace da inda ta ɗora alhaki. Wanda ya ce “ba na shan madara” shi ne aikau a jimlar, don haka ana iya tambayarsa dalili, ana ma iya jin haushinsa. Wanda ya ce “an hana ni” ya jingina abin ga likita ko malami. “Ba ma ci a gidanmu” magana ce ta kan gida, wato hanin da aka gada, kuma Dagombawa ma sun san irinsa. Amma a “madara ba ta karɓe ni ba”, madarar ce aikau, mutumin kuwa karɓau. Ita ta ƙi shi. Fi'ilin nan shi ne dai wanda ake amfani da shi a ce gari ya karɓi baƙo, ko aure ya karɓi amarya, wato dacewa ce da ba ta hannun kowa. Jimla ce mai ladabi ƙwarai, domin ta wanke mai girki ta kuma wanke mai ci. Harshen yana da ita, ana jin ta kullum a bakin mutane. Abin tambaya shi ne me ya sa taurarin littattafanmu ba sa furta ta.

4.0 Littattafan Farko: Jiki a Matsayin Shaida

A Ruwan Bagaja ciwo ne ya tayar da tafiyar tun farko. Ɗan sarki ba shi da lafiya, aka ce ruwan Bagaja ne maganinsa, Alhaji Imam ya bazama nema. Amma marubucin bai damu da ciwon ba ko kaɗan. Dalili ne kawai na fita daga gida, domin a sami filin da za a baje wasan kura da Malam Zurƙe. Magani yana can nesa, a hannun aljanu, kuma jikin majinyacin ba shi da ta cewa. A Shaihu Umar kuwa, inda ake bin bayi da fatake a hamada, matsalar abinci ita ce samunsa. Wanda ke hannun ubangiji ba ya zaɓen abin da zai ci, balle ya ce wani abu bai karɓe shi ba. Nan ba a ga laifin marubuci ba.

Jiki Magayi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa, saboda sunansa ma ya yi alkawarin cewa jiki zai yi magana. Malam Shaihu ya yi amfani da dukiya ya aure Zainabu wadda Abubakar yake so. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗansu Kyauta, yaron ya lalace da sata, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa bai sani ba. To, me jikin ya gaya mana? Ya gaya mana cewa an yi zalunci, an kuma yi sammu. Wato jiki allo ne da wasu ke rubutu a kansa. Duk abin da ya same shi, akwai hannun wani a ciki. Wannan ra'ayi shi ne gadon da littafin ya bar wa na bayansa, kuma a ganina ya fi tsarin labarinsa daɗewa. Lewis Wall, a littafinsa kan magungunan Hausawa (1988) wanda ya gina a kan zaman da ya yi a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya nuna cewa Bahaushe yana danganta cututtuka da dama ga sanyi da yawan zaƙi da maiƙo, ba tare da ya zargi kowa ba. Ashe ilimin gargajiya ya fi adabin faɗi a wannan fanni. Marubuta sun ɗebi ɓangaren da ke da abokin gaba a ciki, suka bar sauran.

5.0 Teburin Attajiri da Tukunyar Rabi

Da aka zo zamanin littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, labari ya koma cikin gida, abinci kuma ya sami fili irin wanda bai taɓa samu ba. Nan ne ƙa'idojin suka fito sarai, har mai karatu yana iya faɗin abin da zai biyo baya. Budurwa ta kasa cin abinci, so ne ya kama ta, ko an yi mata auren dole. Halin da Sumayya ta shiga a In Da So Da Ƙauna, wanda ya kai ta ga faɗawa rijiya, shi ne samfurin da aka yi ta kwaikwayo. Amarya ta yi amai, ciki ne. Maigida ya ture kwano ranar girkin wata, fushi yake yi da ita, ko kuwa kishiya ta mallake shi. Baƙuwa ta ce ta ƙoshi, tsoron barbaɗe take yi, ko girman kai ne. Cututtukan da aka yarda su shiga labari su ne hawan jini da ciwon zuciya, domin su ana iya cewa wane ne ya jawo su. Kumburin ciki ba shi da wanda za a kai ƙara.

So Aljannar Duniya ya ba da dama mai kyau da ba a ɗauka ba. Boɗaɗo Bafulatana ce, Yasir kuwa ba Bafulatani ba ne, kuma marubuciyar ta yi ƙoƙari wajen sa mai karatu ya ji ƙamshin rayuwar Fulani har a cikin kalmomin da ta zaɓa. Aure tsakanin al'ummu biyu wuri ne da bambancin ciki ke fara bayyana, tun kafin na ra'ayi. Amma cikas ɗin da aka ɗora wa masoyan na dangi ne da na aljana. Ba a ce marubuciya ta yi kuskure ba, domin ba labarin da ta nufa ke nan ba. Ana dai nuna wa ɗalibi inda idon adabin yake kallo da inda ba ya kallo.

A littattafan Bilkisu Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, iya girki na cikin makaman mace ta gari, tare da tsafta da ado da ilimi. Ita da ɗimbin marubutan da suka bi sawunta sukan jera wa mai karatu abin da ke kan tebur dalla-dalla. Idan aka lura da teburin karin kumallo na gidan attajiri a irin waɗannan littattafai, za a ga shayi mai kauri da madara, da burodi, da ƙwai, da kayan fulawa. Wannan jeri shi ne alamar wayewa da hutu, koko da ƙosai kuwa na gidan da tauraruwa ta baro ne. Abin dariyar shi ne, madara da alkama da ƙwai suna sahun gaba a jerin abubuwan da jikin mutane ke ƙi a duniya. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da sinadarin gulutin na alkama wanda ke lalata hanjin wasu mutane. Mai irin wannan larura a Tamale zai ci tuwon zafi da miyar ayoyo, ya ci wake da shinkafar da mutanen Gana ke kira waakye, ya kwana lafiya; teburin da littafin ke kwaɗaita masa shi ne zai kwantar da shi. Amma a cikin labari ba a taɓa tashi daga wannan tebur da murɗar ciki. Yarinyar da ta taso da tuwon dawa takan koma shan madara kofi-kofi, abin da kawai ke biyo baya shi ne ta yi fari ta yi ƙiba, a ce hutu ya karɓe ta.

Alhaki Kwikwiyo ya sha bamban, kuma shi ne littafin da 'yan zauren suka fi so, ni ma haka. Balaraba ta ɗauki abinci a matsayin abin da ake saye da kuɗi, ake rabawa, yake kuma ƙarewa. Zaluncin Alhaji Abdu ga Rabi da 'ya'yanta tara ya fara bayyana ne a kuɗin cefanen da ba ya isa, tun kafin ya auro Delu ya kori uwargidan. Da Rabi ta fita, da sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Tukunyar da aka wulaƙanta ta a kanta ita ce ta zama jarinta. Ba mamaki da wannan littafi ne aka zaɓa aka fassara zuwa Ingilishi, fassarar Aliyu Kamal da kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. A nan ciki ciki ne, yunwa kuma yunwa ce. Duk da haka, ko a wannan littafi tambayar ita ce wa ya ba wa, wa ya hana wa. Marubuciyar ta kai bakin ƙofar, domin wadda ta san lissafin cefane haka ita ce za ta iya rubuta uwar da ke dafa tukunya biyu saboda yaro ɗaya da miyar gyaɗa ke fitar wa da borin jini.

6.0 Dalilin Giɓin da Abin da Yake Jawowa

Za a iya kare marubutan da hujjoji masu ƙarfi. Labari yana son rikici, rikici kuma yana son mutum biyu. Sannan akwai kunya: alamomin wannan larura, zawo da iska, ba abubuwan da Bahaushe ke ambata ba ne a gaban surukai, balle a jingina su ga kyakkyawar tauraruwa. Akwai kuma nauyin tayi. A al'adar zango da ta ƙasar Hausa, wanda aka yi wa bismilla ya ƙi ko taɓawa ya yi magana, ko da bai buɗe baki ba. Na ga bambancin wannan a lokacin da nake karatu a Turai, inda tun Disambar 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da aka san suna tayar da alaji, kuma mai masauki ne yake fara tambayar baƙo abin da ba ya ci. A can ƙin ci bayani ne game da jikin mai ƙi. A nan hukunci ne a kan mai girki.

Sai dai hujjar rikici, idan aka juya ta, a kan marubutan take faɗawa. Tun da jama'a na fassara ƙin ci da zargi, to amaryar da madara ba ta karɓa, aka kai ta gidan da uwar miji ke nuna ƙauna da kofin shayi mai kauri, tana cikin rikici tun daren farko ba tare da an nemo boka ko aljana ba. In ta sha ta wahala, in ta ƙi a ce ta raina gida, in ta yi bayani ta yi rashin kunya. Ga labari nan cikakke wanda babu mugu a cikinsa, irin wanda adabinmu ke da ƙarancinsa. Kuma akwai madogara a cikin addinin makarantan kansu. Hadisi ingantacce ya zo da labarin yadda aka kawo wa Annabi (SAW) naman dabbar nan mai kama da damo, ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya amsa cewa ba haramun ba ne, ba a saba da shi ba ne a ƙasar mutanensa kuma ransa ba ya so. Khalid ya ci a gabansa. An ƙi abinci, ba a aibata shi ba, ba a kuma zargi wanda ya kawo ba.

Tasirin wannan giɓi ya wuce shafin littafi. Yawancin masu karanta waɗannan labarai matasa ne da matan aure, kuma daga ciki suke koyon yadda ake karanta fuska da ɗabi'ar kishiya da suruka. Idan littafi ɗari sun nanata cewa mai ture kwano yana da wata manufa, ranar da yaro ya ce ƙuliƙuli na sa maƙogwaronsa ƙaiƙayi za a ce iyayi ne, a tilasta masa. Ga mai matsalar madara sakamakon wahalar dare ɗaya ce. Ga mai alajin gyaɗa, a gari irin Tamale inda gyaɗa ke cikin miya da yaji da man suya, yana iya zama asarar rai.

Marubutan Hausa sun nuna za su iya shigar da ciwo na zahiri cikin labari in sun ga dama. 'Yartsana na Ibrahim Sheme (2003) ya tunkari cutar ƙanjamau, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta buɗe wa mata ƙofar rubuta matsalolin gida da a da ake rufewa. Ga ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, aikin da ke jira shi ne ya ɗauki littattafai goma na marubuci ɗaya, ya fitar da duk wurin da aka ƙi abinci, ya rubuta jimlar da aka yi amfani da ita da wanda aka sa ya zama aikau a cikinta, sannan ya je kasuwar Aboabo ko wajen masu koko na Nyohini da safe ya saurari yadda masu saye ke faɗin abin da za a zuba musu da wanda za a bari, ya gwama jerin biyu.